Tsere da Surukina a Kwarin Zaitun

Jiya da dare wani mafarki na yi mai gajiyarwa, don wallahi har yanzu da nake ba ku labarin nan cinyoyina ciwo suke yi. Gudu na yi. Ni Sallau mai injin markaɗe na bakin kasuwar Malumfashi, ni da rabona da gudu tun ranar da ƙudan zuma suka tarwatsa taron suna a Kafur, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ranar ma ba ni na yi na ɗaya ba. Wata tsohuwa ce ta wuce ni, takalmanta a hannu, tana salati.

Tsintar kaina na yi a kan wani tudu da hantsi, sanye da gajeren wando ruwan ɗorawa da singiletin da ba ta rufe cibiyata ba. Ban ji kunya ba, don kowa a wurin haka yake, har masu furfura. A gabana wani kwari ne ya miƙe tsakanin fararen duwatsu, cike da itatuwan zaitun da lemun tsami da ɓaure. Ga ƙananan gidaje farare fat masu shuɗɗan ƙofofi sun maƙale a jikin dutse, ban san me ya riƙe su ba. Can ƙarshen kwarin sai ruwa, shuɗi kamar an zuba masa bula, ba ka hango ɗaya gaɓar. An kafa allo a gefen hanya an rubuta: Bahar Rum, ana shimfiɗawa da hantsi, ana naɗewa da la'asar. Iskar wurin ƙamshin ɗoɗɗoya take yi da gishiri. Na shaƙa, na sake shaƙa, na ce kai, ashe akwai inda hanci yake hutawa da warin gas da attaruhu.

Ofishin masu tsere yana ƙarƙashin wata bishiyar lemo, tebur ɗaya da kujera ɗaya. Wata mage ce ke riƙe da shi, mai tabarau, da ganin ta ka san ta daɗe a bakin aiki. Ko kallona ba ta yi ba.

"Suna?"

"Sallau."

"Ka taɓa gudu?"

"Sau ɗaya, ranki ya daɗe."

"Me ya koro ka?"

"Zuma."

"A nan ba a koro kowa. Haka kawai ake yi."

Na ce, "Haka kawai? Mutum da hankalinsa, ba gobara, ba ɓarawo, ya kama gudu a cikin duwatsu?"

"Don nishaɗi," in ji ta. Ta lashi hannu, ta danna shi a kan wata takarda, ta liƙa mini a ƙirji. Lamba ɗari uku da ɗaya. Sannan ta karanto mini doka da muryar wanda ya gaji da maimaitawa. Tsere daga kan tudun nan yake farawa, ya bi turbar dutse, ya ƙare a bakin teku. Kilomita ashirin da ɗaya ne, amma yau Talata, wasu daga cikinsu ba su zo aiki ba. Ba a daɗewa a tsaye, don ƙasar wurin in ta ga ka tsaya sai ta ɗauka ka yanke shawarar zama. Wanda ya yi na ɗaya ana ba shi lemo guda. Wanda ya yi na ƙarshe kuma saiwa take fito masa, ya zama itacen zaitun.

Na dubi kwarin. Itatuwa ne iyakar ganina.

"Duk waɗannan?"

"Duk. Shekara ɗaya, itace ɗaya."

"To yaushe mutum yake komawa gida?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ka taɓa ganin itace a tashar mota?"

Na tuna matata Hansai da yaranmu biyar, na tuna injina da ba wanda ya san lagonsa sai ni. Amma da na waiwaya na ga jama'a, hankalina ya ɗan kwanta. Mutum ɗari uku ne, Turawa da Larabawa da wasu da ban san ƙasarsu ba, a cikinsu har da wani ƙato jajir mai teɓa biyun tawa, yana cin burodi. Na ce a raina, Allah na gode maka da ka halicci bawan nan naka. Ko kowa ya wuce ni, wannan dai na gama da shi.

Mage ta busa usur. Jama'a suka zuba a guje tun da suka ga kumatunta sun kumbura, ni kuwa na tsaya jiran ƙara, don haka aka koya mana a firamare. Ƙarar ba ta iso ba sai da ƙura ta lafa. Ta zo a hankali, ta ba ni haƙuri, ta ce go-sulo ta tarar a hanya.

Sai ga ni ina gudu.

Jama'a, ashe abin da daɗi! Ba wanda ya taɓa gaya mini. Turbar siririya ce, faɗinta bai fi na tabarmar salla ba, ta bi gefen dutse tana lanƙwasa. A dama dutse, a hagu rami mai zurfi, a ƙasan ramin wani rafi yana hawa tudu a hankali yana haki. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin kambas ɗina, ganyen lemo yana shafar kunnena, teɓata tana gaba ina bin ta. Duk inda hanya ta juya sai teku ya leƙo ta tsakanin duwatsu ya ga ko muna nan.

Da muka iso hawa na farko na tarar da yawancinsu sun jeru, suna dafa gwiwa suna nishi. Tudu ne miƙaƙƙe, matattakalar dutse sun fi ɗari biyar. Ni dai da na zo gindinsa, sabo ya sa na ce, "Salamu alaikum, barka da hantsi, ya gida, ya iyali?" Tudun ya yi ajiyar zuciya, ya ce shekara dubu yana nan ana taka shi ba wanda ya taɓa tambayarsa iyali. Ya ce ƙaramin dutsensa ne ba ya jin daɗi, sanyi ya kama shi. Na ce Allah ya sawwaƙe, a ba shi citta. Sai ya sunkuyo mini har ƙasa, na taka kansa na wuce, ya miƙe ya bar sauran suna rarrafe. Da gaisuwa kaɗai na wuce mutum ɗari biyu da wani abu. Na fara tunanin inda zan ajiye lemon nan a shago yadda kowa zai gani.

Daga nan ne na hango wata babbar riga fara tana kaɗawa a gabana.

Mai rigar ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ya kafa hula zanna, ƙafarsa kambas ce da farar safa. Gudunsa na natsuwa, ɗan sassarfa, kamar mai son ya riski raka'ar farko. Na ƙara wuta zan wuce, har na buɗe baki zan ce a ba ni hanya, sai na ga ƙeyar. Ƙeyar nan ko a cikin duhu na san ta. Baba ne, mahaifin Hansai, surukina.

To a nan sai na yi muku bayani, don ku san irin tashin hankalin da na shiga. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa. A cikin shekarun nan ban taɓa faɗin sunansa ba, kuma yau ma ba za ku ji shi a bakina ba. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa shiga gabansa a hanya ba. In na hango shi daga nesa nake tuɓe takalmi in tsuguna. Wata bakwai da suka wuce ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, muka ɗauko shi daga ƙauye muka sa shi a ɗakin da ke kusa da zaure. Hansai ce ke ɗaga shi, ita ke kai shi bakin rariya ya yi alwala, ita ke mayar da shi. Ni iyakata bakin ƙofa, in gaishe shi ta bayan labule in wuce kasuwa. Yanzu ga shi a gabana, a ƙasar Turawa, yana gudu da ƙafafunsa, lamba saba'in da tara a bayan rigarsa. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Sannan na tuna irin wandon da ke jikina.

Na ja singileti ƙasa iya ƙarfina, na tuɓe kambas na riƙe a hannu, na zube a tsakiyar turba.

"Baba, barkanku da hantsi."

Ya tsaya, bai waiwayo ba, ya kafa ido a kan wani dutse. "Barka kadai. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Ya baƙunta?"

"Sai godiya. Ya yaran?"

Muna cikin haka mutanen da na wuce suka fara isowa. Kowa ya zo sai ya furta wata kalma guda da yarensu, Baba ya ɗan karkata, mutumin ya wuce fuu. Wata mata ma tsallake ni ta yi. Kafin mu kai ga tambayar ruwan sama a ƙauye na ƙirga mutum casa'in. Da na zo tashi sai na ji ƙafata ta kama ƙasa. Wasu 'yan siraran saiwoyi ne farare suka fito mini a tsakanin yatsu, irin na albasa. Na fizge da ƙyar, ya yi ƙaiƙayi.

Baba ya ci gaba da sassarfarsa, ni kuma na bi shi a baya, taku uku tsakaninmu, takalma a hannu. Tsakuwar Bahar Rum ba ta san mutunci ba. Amma yaya zan yi? In sa takalmi surukina yana wurin?

Sai ga mu a wurin shan ruwa.

Wani bunsuru ne mai farar hular kuku yake rabo, a bakin wata rijiya da ake zuba wa ruwa da guga daga sama. Tebur cike da ɓaure ya nuna har ya tsage, ga inabi, ga cuku, ga burodi mai zafi ana tsoma shi a man zaitun. Yunwa kuwa ta riga ta naɗe mini hanji. Baba ya ɗauki ɓaure biyu ya juya baya. Ni na tsaya ina haɗiyar yawu.

"Malam, ci mana," in ji bunsuru. "Kyauta ne."

"Na ƙoshi."

"Cikinka kuwa yanzu ya gaya mini akasin haka."

"Ƙarya yake yi, halinsa ne."

Na saci inabi guda na ɓuya bayan rijiya na juya wajen teku, na kai shi baki ke nan sai na ga tekun yana nuno fuskar Baba ƙatuwa, daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi ma yana kallon gefe. Na mayar da inabin na ce wa bunsuru dubawa kawai na yi. A daidai lokacin ƙaton nan jajir ya iso, ya kwashi burodi uku, ya ɗaga mini hannu da fara'a, ya wuce yana girgiza. Na bi shi da kallo har ya sha kwana. Na waiwaya baya. Turba fayau, ba kowa sai wata jaka tana karanta jarida.

Saura mu biyu, ni da Baba.

Hanya ta shiga cikin tsofaffin itatuwan zaitun, masu jiki a murɗe, inuwarsu da sanyi. Ina wucewa wani ya taɓa ni da reshe.

"Sannu ɗan'uwa. Kai ne na bana?"

"Allah ya kiyaye," na ce. "Kai fa?"

"Shekara ɗari uku ke nan. Igiyar takalmi na tsaya ɗaurewa."

"Ya zaman?"

"Ba laifi. Ana ganin teku, ba a biyan haya, tsuntsaye suna kawo labari. Abu ɗaya ne dai. Matata ta zo nemana sau biyu. Ta zauna a inuwata ta ci burodinta, ta yi kuka, ta tashi ta tafi. Na yi ta kaɗa mata ganye, ta ɗauka iska ce."

Na ga Hansai zaune a gindina da kwanon ɗanwake, tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce a'a, wallahi ba da ni ba. Na ɗaga ƙafa da niyya, na matso har taku ɗaya tsakanina da Baba, kafaɗata ta kusa gogar rigarsa. Sai wata zuciyar ta ce, to in ka wuce, wa ya zama na ƙarshe? Ka koma Malumfashi ka ce wa Hansai ka bar ubanta a ƙasar Turawa yana fitar da mai? Na ja da baya na koma taku ukuna.

Abin da na lura kuma, Baba ya rage gudu. Sassarfa ta koma tafiya. Ni ma na rage. Ya ƙara ragewa, ya raɓe jikin dutse ya bar mini fili har mota ta wuce. Ni ma na raɓe. Wata katantanwa ta zo ta ce a ba ta hanya, muka ba ta.

A kan wani dutse akwai ƙadangare yana shan rana. Baba ya tsaya a gabansa ya yi gyaran murya.

"Kai ƙadangare, ka gaya wa maigidan Hansai hanya a buɗe take."

Ƙadangare ya gyaɗa kai, ya juyo wajena.

Na ce, "Ƙadangare, ka gaya wa Baba, Allah ya ƙara musu lafiya, nan ɗin ma ya ishe ni. Iskar baya ta fi daɗi."

Ya gyaɗa kai, ya juya.

"Ka gaya masa ni tsayawa zan yi in duba gonar mutanen nan, in ga yadda suke yin kunya a kan dutse."

"Ka gaya wa Baba ni ma tun ina yaro nake sha'awar noman dutse."

"Ka gaya masa rana tana yi."

"Ka gaya musu ban ga alama ba."

Muka yi ta yi, ƙadangare yana bin mu daga dutse zuwa dutse yana gyaɗa kai, har ya kai saƙo goma sha huɗu. A na sha biyar ya dafe wuya. "Ni na ajiye aiki," ya ce. "Taku uku ne tsakaninku, kuma kowa da kunnensa. Ni ina da iyali." Ya shige rami ya rufo ƙofa.

Sai ga mu a kan gangara ta ƙarshe.

Daga nan ana ganin komai. Turba ta sauka a karkace cikin gonakin inabi har bakin yashi, inda aka ja igiya tsakanin sanduna biyu, mage na zaune a gefe da littafinta. Sauran 'yan tsere duk sun isa, sun baje a yashi suna shan lemo. Rana ta karkata. Can nesa wasu ma'aikata huɗu sun naɗe ƙafar wando sun fara naɗe teku daga ɗaya bakin, suna tsince kwale-kwale suna zubawa a kwando. Kyan wurin ya isa, amma ni ban ji daɗinsa ba, don Baba ya tsaya cak.

Na tsaya a bayansa. Na jira. Da na saci kallon ƙafarsa sai na ga kambas ɗin ta yage, saiwoyi masu kauri sun fito sun shige ƙasa. Ɓawo ya rufe idon sawunsa yana hawa ƙwauri. A gefen hularsa wani ɗan ganye ya tsiro, kore shar.

"Sallau."

Na waiwaya in ga wa ke kira. Ba kowa. Baba ne, kuma ni yake kallo, ido cikin ido. Shekara goma sha tara, ban ma san ya riƙe sunan ba.

"Na'am, Baba."

"Wuce ka tafi gida."

"Baba, ku dai ku wuce."

"Kai, bar wannan. Ni na saba da zama wuri ɗaya. Wata bakwai ina kallon silin ɗinka, har na san inda yake yoyo. Nan ko ba komai akwai ruwa, akwai iska. Kai kana da yara biyar. Wuce."

Na ce, "In na je ba ku, me zan ce wa Hansai?"

"Ka ce mata ta huta. Bayan yarinyar nan ya kusa karyewa wajen ɗaga ni, tana ɓoyewa, amma ina jin nishinta. Kai kuma ina jin ka kullum da asuba. Ka zo bakin labule, ka tsaya, ka yi gyaran murya, ka tafi. Na san ba ƙi ba ne, kunya ce. Ni ma da na ji takunka bango nake juyawa." Ya ɗan yi murmushi, ganyen hularsa ya motsa. "Ni da kai muna ta kunya, ita tana ta ɗaukar kaya."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni, amma ba irin wadda na saba ba, wannan mai zafi ce. Na dubi takalman da ke hannuna, na ga ba abin da suka tsinana mini tun safe. Na zauna a gaban surukina na sa su, na ɗaure igiya tam. Sannan na tsuguna, na juya masa baya, na kama hannayensa na ɗora a kafaɗuna.

"Kai, kai, me kake yi haka?"

"Baba, ku yi haƙuri, yau ba na jin magana."

Na ce bismillahi na yunƙura. Ƙasa ta riƙe. Na sake yunƙurawa, teɓar da ake yi wa dariya a kasuwa ta yi aikinta, sai ji kake ɓurum, saiwoyi suka fito da ƙasa a jikinsu kamar an tuge rogo. Ga Baba a bayana. Ba nauyi ko kaɗan, kamar na goya damin kara, har abin ya ba ni tausayi.

Gangara ta karɓe mu.

Ban taɓa gudu irin wannan ba, ko ranar zuma. Inabi yana wucewa ta dama, lemo ta hagu, babbar riga ta cika da iska tana fal-fal a bayanmu. Da fari Baba salati yake yi. Can sai na ji ya kama kunnuwana, in kwana ta zo ya ja na dama, in wata ta zo ya ja na hagu. "Hattara da dutse! Yauwa! Ƙara wuta, ɗan nema, haka kake tuƙa injin naka?" Sai kuma dariya. Jama'a, ashe Baba yana dariya! Wata irin dariya ce mai shaƙewa, hi-hi-hi, irin ta Hansai sak, ashe a wurinsa ta gado. Ni ma na kama, muna gudu muna ƙyaƙyatawa, itatuwan zaitun suna tafa mana da ganye, wata tsohuwa ta leƙo ta shuɗiyar taga ta rangaɗa guɗa da Hausa.

Muka faɗo yashi. Igiya tana gabana taku biyar. Nan na yi wani tunani: in na shiga da gaba, ni na riga shi. Sai na juya zan shiga da baya, don shi ya fara tsallakawa. Baba ya gane. Ya cire hula ya maka mini a ka.

"Juya!"

"Ba zan juya ba, Baba."

"Na ce ka juya, mai taurin kai!"

"Ai a gidanku na auro shi."

Ya ja kunnen hagu, na juya dama. Ya ja na dama, na juya hagu. Muka yi ta katantanwa a bakin igiya, mutum ɗari uku suna kallo, ƙaton nan jajir yana ihu yana goyon bayan kowa. Jiri ya ɗebe ni, ƙafata ta harɗe, muka tafi gaba ɗaya muka zube a kan igiya, ni da shi da sanduna, yashi har cikin baki.

Ma'aikatan teku ma suka dakata da naɗi. Mage ta sauko daga kujera, ta zagaya mu sau biyu, ta auna hancina da hularsa da wutsiyarta. Ta koma ta buɗe littafi, ta lashi hannu, ta juya shafi, ta sake juyawa.

"Tun da aka kafa kwarin nan ba a taɓa kawo mini irin wannan ba," ta ce. Ta gyara tabarau. Baba ya damƙe hannuna, ni ma na damƙe nasa. "To, ku saurara. Na ƙarshe a tseren bana shi ne..."

Ƙwaram!

Na buɗe ido. Buta ce ta faɗi a kan siminti, tana ta gangarawa, can wajen ɗakin da ke kusa da zaure. Asuba ta yi, ladan na unguwa yana gyara lasifika. A gefena Hansai ta riga ta tashi zaune, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya tana laluben ɗankwali da ɗayan.

Na ce, "Koma ki kwanta."

"Baba ne, alwala zai yi."

"Na ji. Ni zan je."

Ta dube ni kamar na yi Turanci. Ban tsaya bayani ba, don na san in na tsaya ƙafata za ta kama ƙasa. Na je bakin labule, gyaran murya ya taso mini, na haɗiye shi, na yi sallama na shiga. Yana zaune a bakin katifa, hannunsa a miƙe wajen butar da ta tsere masa. Da ya ga ni ne sai ya juya fuska bango.

Na gaishe shi, ya amsa wa bango. Na ɗauko butar na ajiye a ƙofa. Sannan na tsuguna a gabansa na juya masa baya.

"Baba, bismillah."

Ina nan tsugune har na fara jin zufa a ƙeya. Can sai na ji hannu ya sauka a kafaɗata, a hankali, sannan ɗayan.

Ya fi yadda yake a mafarki nauyi, wallahi, nesa ba kusa ba. Amma mun kai bakin rariya.